Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ofisoshin akanta da binciken kuɗi na Abuja

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu masu ofisoshin akanta da binciken kuɗi, da daraktocin kuɗi na ma'aikatu da kamfanoni a Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a.

Mu da muka rubuto wannan takarda akantoci ne da oditoci da ke tsakiya. Sama da mu akwai ku masu sa hannu a rahoto, ƙasa da mu akwai matasan da suka fito daga makaranta shekara ɗaya zuwa biyar da suka wuce. Fayil ɗin da suka haɗa ta hannunmu yake bi kafin ya iso teburinku, don haka kukan ɓangarorin biyu a kunnenmu yake sauka. Ku kuna cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, idonsu na kan waya, da sun sami takardar shaida sai su kama gabansu. Su kuma suna cewa ba a koya musu komai, faɗa kawai ake yi, albashi ba ya kai su ƙarshen wata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da muke gani a cikin fayil ɗin kansa: aikin yana yin rauni a daidai inda tsohon hannu da sabon hannu ya kamata su haɗu, kuma gyaran wannan yana hannunku fiye da na kowa.

Ku tuna yadda kuka koyi aikin nan. Babu wanda ya zaunar da ku ya ce yau darasi kaza za mu yi. An dai ajiye muku leja mai kauri, wato babban littafin da ake tattara lissafin kowane asusu, kuka tara ta shafi-shafi da hannu, kuka kwashe daga littafin kuɗi zuwa leja, kuka bi bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi, ɗaya bayan ɗaya kuna neman rasit da sa hannun wanda ya amince a biya. Aiki ne mai gajiyarwa, amma a cikinsa ido yake buɗewa. Wanda ya shekara biyu yana wannan, ko ba a faɗa masa ba ya san yadda kuɗi ke tafiya daga hannun mai saye har zuwa rahoton ƙarshen shekara, ya kuma san kwanar da suke iya ɓata. Yau manhaja ta ɗauke wannan wahala. Yaro na shigar da takardar kaya a Sage ko QuickBooks, kafin ya ɗago kai an kai ta leja, an fitar da jimilla. Tafiyar wahalar abin godiya ne, sai dai ta tafi da makarantar da ke cikinta, kuma yawancin ofisoshi ba su kafa komai a gurbin ba. Ana so yaro ya zo da idon da kuka yi shekaru kuna wasawa, alhali an ɗauke dutsen washin.

Ga abin da kowannenku ya sani. An ba sabon ma'aikaci aikin daidaita littafin kuɗi da takardar banki, ya yi ta fama, ya rage bambancin naira 9,000 da ya ƙi fita. Tsohon hannu na ganin adadin zai ce a duba inda aka juya lamba, domin bambancin da tara ke rabawa ba saura galibi lambobi biyu ne suka yi musayar wuri: an rubuta 45,000 a maimakon 54,000. In bambancin 60,000 ne, zai ce a nemi 30,000 da aka shigar a ɓangaren da ba nata ba, kamar a sa kuɗin da suka shigo a ɓangaren waɗanda suka fita, don kuskuren ɓangare ninka kansa yake yi. In ƙananan adadi ne barkatai, to cajin banki ne, ko harajin naira 50 da ake cira a kan kuɗin da aka tura daga 10,000 zuwa sama, banki ya cire amma ba a shigar a littafi ba. Zai kuma tambayi cakin da ya wuce wata shida ba a kai shi banki ba, me yake yi har yanzu a jerin masu jiran biya alhali ya riga ya mutu. Duk wannan bai wuce bayanin minti goma sha biyar ba. In ba a yi bayanin ba kuwa, yaron yana jin nauyin dawowa ya ce ya kasa, sai ya tura 9,000 ɗin cikin asusun wucin-gadi inda ake jibge abin da ba a gane ba. Lissafi ya daidaita a ido. Wata mai zuwa a ƙara wani a kai. Zuwa Disamba asusun ya kumbura, babu mai iya cewa daga ina abin da ke ciki ya fito, kuma a irin wannan kwandon ne ɓarna ta gaske take samun wurin ɓuya.

Ta ɓangarenku ma akwai giɓi, kuma da ladabi muke faɗa. Kiɗan sana'ar nan ya canza sau da yawa. A 2012 manyan kamfanoni suka koma ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya. A 2015 aka tattara kuɗin gwamnatin tarayya a asusun bai-ɗaya, biya da karɓa suka koma ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. A 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, a shekarar kuma aka sami sabuwar dokar kamfanoni. A 2021 shigar da bayanan haraji ya koma kan TaxPro Max, manhajar hukumar haraji ta tarayya. Ga kuma dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, aka tsayar da Janairun 2026 don fara aiki da su. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara tura aikin cikin kwamfuta, kuma a ofisoshi da yawa wanda ke zaune gaban kwamfutar shi ne mafi ƙanƙanta a ofis.

Abu na farko da wannan ya haifar shi ne duba aiki a kan takardar da aka buga. Oga ya ce a buga masa jadawalin, ya bi da biro, ya ga jimilla ta yi daidai da ta rahoto, ya sa hannu. Amma kuskuren Excel, manhajar da ake haɗa jadawalin da ita, ba ya fitowa a takarda. Akwai jimillar da aka ɗaure ta daga layi na 2 zuwa na 300, daga baya aka ƙara layi goma sha biyu a ƙasa, ba su shiga ba. Akwai adadin da aka kwafo daga takardar banki ya zo a matsayin rubutu, manhaja ta tsallake shi wajen tarawa ba ta ce komai ba. Lambar asusun banki mai lamba goma, in ta fara da sifiri, sifirin kan faɗi, ta koma tara, a tura albashi ya dawo. Kwanan wata 03/04 a wata kwamfutar 3 ga Afrilu ne, a wata kuma 4 ga Maris, kuma wannan kaɗai ya isa ya jefa ciniki cikin watan da ba nasa ba. Mafi muni shi ne inda wani ya goge lissafin da ke cikin akwati ya buga adadi da hannu don abu ya daidaita. Duk wanda zai duba jadawali, ya buɗe shi a kwamfuta, ya danna akwatin jimilla ya ga daga ina zuwa ina take tarawa, ya ƙirga yawan layuka ya gwada da na asali. In mai dubawa bai iya ba, ya zaunar da yaron a gefensa ya ce nuna mini yadda ka samo wannan. Babu zubar da girma a ciki. A zaman nan ne ma yaron zai ji tambayoyin da shi bai san ana yi ba.

Abu na biyu ya fi haɗari, kuma muna roƙonku ku tsaya a kansa. Tsarin biyan kuɗi ta intanet an gina shi ne a kan rabon hannu: wani ya shigar, wani ya duba, wani ya amince. Amma sau nawa babba ke miƙa wa ƙaramin ma'aikaci kalmar sirrinsa da ɗan na'urar lambar banki, ya ce kai ka iya abin nan, ka gama ka faɗa mini? Daga wannan lokacin mai shigarwa da mai dubawa da mai amincewa sun zama mutum ɗaya, kuma mutumin nan albashinsa ne mafi ƙanƙanta a ginin. An ɗora masa jarrabawar da bai kamata a ɗora wa kowa ba. In kuɗi suka ɓata, sunan oga ne a rubuce a matsayin mai amincewa, hannun yaro ne ya danna, kuma babu hanyar rarrabe gaskiya. Mu da ke rubuta wa kamfanoni wasiƙar gargaɗi a kan irin wannan, bai dace a same shi a ofisoshinmu ba. Koyon danna amincewa ba ya cin awa ɗaya. Kowa ya riƙe nasa, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar a rufe hanyarsa ta shiga banki da manhajar haraji da imel ɗin ofis.

Sai maganar yadda ake mayar da aiki. Fayil ya dawo, an ja jan biro a shafi, an rubuta "Ba daidai ba, sake." Yaron ya zauna yana kallon shafin, bai san ko adadin ne ba daidai ba, ko hanyar, ko rubutun. A ce takardar kaya ce ta naira 1,075,000 wadda VAT ke ciki, shi kuma ya ɗauki kashi 7.5 na jimillar ya sami 80,625. Abin da ya kamata ya gani a gefen shafin shi ne: wannan adadin har da haraji a ciki, don haka a ninka da 7.5 a raba da 107.5, harajin 75,000 ne, kuɗin kaya miliyan ɗaya; duba sauran takardun wannan dillali, in haka aka yi musu duka, abin da aka shigar wa hukumar haraji ma yana bukatar gyara. Layi uku ne. Ya faɗi kuskuren, ya faɗi dalilin, ya nuna inda za a ƙara dubawa, kuma yaron ba zai sake yin sa ba har ya yi ritaya. A kuma mayar da aiki cikin mako guda, tun yana tune da abin da ya yi. Fayil ɗin da ya kwana wata biyu a tebur, ranar da aka buɗe shi mai shi yana wani kamfanin a wani gari, gyaran ya zama cike gurbi kawai. Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba 230 ta ce takardun aiki su zama yadda gogaggen odita da bai taɓa shiga aikin ba zai karanta ya gane abin da aka yi, da wanda ya yi, da ranar da aka yi, da wanda ya duba, kuma a kammala haɗa fayil galibi cikin kwana 60 bayan ranar rahoto. Ba a cika wannan da sa hannun dubawa da aka jera rana ɗaya a ƙarshen Yuni.

A nan akwai wani abu na tarbiyyarmu da ya kamata a kula da shi. Yaron da ya taso a gidan mutunci an koya masa kada ya yi wa babba musu, kada ya yawaita tambaya. In oga ya gama bayani ya ce ka gane, amsar ɗaya ce: "Na gane, ranka ya daɗe." Sau da yawa bai gane ba, kunya ce ta amsa. 'Ya'ya mata ma abin ya fi yi musu nauyi, musamman in ɗakin duk maza ne. Maganinsa shi ne a daina tambayar ko ya gane, a ce masa maimaita mini abin da za ka yi in ka je, da me za ka fara, wace takarda za ka nema. A nan ne za a ji inda bayanin ya tsaya. Haka kuma yaron da ya ce "Yallaɓai, ina ganin wannan sashe na doka an canza shi," kada a ɗauke shi marar kunya. Shi ne bai daɗe da karanta dokar don jarrabawa ba, wataƙila yana da gaskiya. A ce ya kawo sashen a duba tare. Wanda aka kunyata a gaban jama'a sau ɗaya don ya yi gyara, ba zai ƙara buɗe baki ba ko da ya ga rami a gaban ofis ɗin gaba ɗaya, kuma sana'ar odita ba ta da wani jari da ya wuce mutum ya ga abu ya faɗa.

Kafin a fita kowane aiki, a yi zaman rabin awa da duk wanda zai je, har da mai yi wa ƙasa hidima. A faɗa musu me kamfanin ke sayarwa, ta ina kuɗinsa ke shigowa, ina aka sami matsala bara, kuma kuskure zai kai nawa kafin ya zama abin damuwa a wannan aikin. Wanda bai san wannan adadin ba zai ɓata kwana biyu yana bin naira dubu uku na kuɗin shayi, ya wuce bashin miliyoyi da ya shekara biyu ba a biya ba.

Ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara ita ce inda aka fi tura yara su kaɗai, don ranar 31 ga Disamba babu babban da ke son yini a sito a Idu ko Dei-Dei. Ita ce kuma inda rashin gogewa ya fi tsada, domin ranar in ta wuce ba ta dawowa. Yaro ya isa, mai kula da sito ya tarbe shi da fara'a da lemo mai sanyi, ya miƙa masa takardar da aka riga aka cike, ya zagaya da shi yana nuna masa tsibi-tsibi: wannan buhu ɗari huɗu ne, wancan katan ɗari shida. Ya yi alama, ya sa hannu, ya dawo. Babu wanda ya gaya masa cewa ƙidaya ta fuska biyu ake yi, daga takarda zuwa ƙasa don a tabbatar abin da aka rubuta yana nan, daga ƙasa zuwa takarda don a tabbatar abin da ke nan an rubuta shi. Ba a gaya masa ya hau saman tsibin buhuna ya leƙa ko tsakiyar rami ce ba, ko ya sa a zaro katan daga ciki da ƙasa a buɗe, ko ya ware kayan da suka lalace da waɗanda wa'adinsu ya wuce da na wasu mutane da aka ajiye amana. Ba a gaya masa ya rubuta lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da ta fitar da kaya ta ƙarshe kafin a fara ba, alhali da su ne za a gane daga baya ko an ja cinikin Janairu an shigar da shi Disamba. Ƙidayar farko ta kowane sabon ma'aikaci, a haɗa shi da wanda ya yi aƙalla sau uku. Haka wasiƙar neman tabbaci daga banki ko daga masu bashi: a koya masa tun ranar farko cewa ofishin odita ne ke aikawa kuma amsa kai tsaye take dawowa gare shi, ba a ba akantan kamfanin ya kai ya karɓo.

Yanzu maganar dogon zama, wadda ita ce aka fi yi wa yaran gori a kai. Kalandar aikin nan kowa ya san ta. Harajin albashi ranar 10 ga wata, VAT ranar 21, bayanan albashin ma'aikata na shekara ranar 31 ga Janairu, kamfanin da ya rufe littafi a Disamba kuma wata shida gare shi, wato ƙarshen Yuni. Daga Janairu zuwa Yuni babu numfashi, a tsakiya ga jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, kuma a 'yan shekarun nan azumi ma a cikin wannan tsakanin yake faɗowa. Tunda ranakun ba sa zuwa ba zato, yawancin kwanan ofis da ake yi rashin tsari ne ya jawo shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a iya yi a Oktoba da Nuwamba, kamar gwada tsarin biya da saye da duba cinikin wata tara na farko, a yi shi a lokacin. A aika wa kamfani jerin takardun da ake bukata mako uku kafin a je, kada yara su je su zauna kwana huɗu suna jiran a nemo fayil sannan a ce su rama da dare.

Kuma ku dubi inda suke kwana. Ofis yana Wuse ko Garki ko Maitama, su kuwa suna Mararaba, Masaka, Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, wasu har Suleja. Wanda zai biyo hanyar Nyanya ya iso ƙarfe takwas, da asuba ya fito. In an tashe shi ƙarfe tara na dare, zai tsaya bakin titi yana neman mota a garin da kowa ya san labarin 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya. Mace ce ko namiji, da kwamfutar ofis a jaka, cike da bayanan kuɗin mutane. Duk wanda aiki ya riƙe bayan magariba, a kai shi gida ko a ba shi kuɗin motar da za ta kai shi ƙofa, a daren, ba sai ya cike takarda ya jira ƙarshen wata ba. Aikin da ba ya bukatar zuwa ofis, kamar haɗa jadawali da rubuta rahoto, a bari a yi shi daga gida kwana ɗaya ko biyu a mako, da kwamfutar ofis da kuɗin data, a tsayar da abin da za a kawo da ranar kawowa. A auna mutum da abin da ya gama. Zama har oga ya tashi don kada a ce ka riga shi fita, ba ya ƙara wa fayil shafi ko ɗaya.

Ba mu zo mu yanka muku albashin da za ku biya ba, mun san kuɗin da kamfanoni ke biyan ƙananan ofisoshi bai taka kara ya karya ba, kuma wasu sai an yi ta bi. Amma ku akantoci ne, ku yi lissafin da kanku: kuɗin mota zuwa da dawowa sau 22 a wata tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da abincin rana, da haya, da kuɗin darasi da na jarrabawa. Ku ajiye shi kusa da abin da kuke biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya koma 77,000. In wanda ya gama hidima ya karɓi aiki a ofishin akanta ya tarar da abin da zai shiga hannunsa bai kai na lokacin da yake sanye da kaki ba, kada a yi mamaki in idonsa na waje. Fansho kuma, inda doka ta hau kan ofis, kashi 8 ne daga ma'aikaci, 10 daga mai aiki, a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Yaran nan suna ganin asusunsu a waya. Wanda aka cire masa ba a tura ba ya sani, kuma gobe shi za a aika ya rubuta wa wani kamfani laifin rashin tura fansho.

Hutun karatu a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki: kwana nawa kafin kowace jarrabawa, wa zai biya kuɗin, in ofis ne ya biya shekara nawa mutum zai zauna bayan ya ci. Haka ga mai bin hanyar ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, da zai je kwalejinsu ta Kwall kusa da Jos. Abin da aka bari a baki, ranar da aiki ya yi zafi shi ake fara mantawa, yaro ya shiga ɗakin jarrabawa daga wurin aiki, ya faɗi, a ce ba ya karatu. A kuma faɗa masa matakan da ke gabansa, me ake so ya iya kafin a ba shi jagorancin aiki, kuma a zauna da shi sau biyu a shekara a gaya masa inda yake. Da yawa daga masu tafiya, rashin sanin gobe ne ya kore su kafin kuɗi.

Akwai magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Wani lokaci ana ce wa ƙaramin ma'aikaci "gyara shi ya daidaita," ko ya mayar da kwanan wata baya, ko ya sa hannu a kan gwajin da bai yi ba don lokaci ya ƙure. Shi ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma abin da ya koya a shekararsa ta farko shi zai ɗauka a matsayin yadda ake aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta kowace fuska. Hatimi da lambar rajista da ke kan rahoto naku ne, amana kuma ta masu hannun jari da bankuna da hukumar haraji ce da za su dogara da shi. Kowane ofis ya sanya mutum ɗaya babba, wanda ba shi ke jagorantar aikin ba, da yaro zai iya zuwa wurinsa ya ce an sa ni abin da hankalina bai kwanta da shi ba, kuma a tabbatar maganar ba ta dawo ta cije shi ba.

Ku kuma ƙannenmu, tunda mun san za ku karanta. Saurin hannu a kwamfuta bai zama sanin aiki ba. Adadin da manhaja ta fitar, in ba za ka iya bayanin yadda aka same shi da biro da takarda ba, ba ka gama ba. Bayanan albashi da takardun bankin kamfanin da kake bincika amana ne, ba a tura su ta WhatsApp ɗinka, ba a kuma zuba su cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira don su taƙaita maka. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma tun kafin ta akwai sirrin sana'a. Waɗannan manhajoji suna iya kawo maka sashen doka da babu shi, da cikakkiyar murya, don haka duk abin da suka faɗa a kan haraji ka buɗe dokar ka gani da idonka. In za ka makara da aiki, ka faɗa kwana biyu kafin ranar, ba da safiyar ranar ba. In oga ya ce wannan adadin bai kwanta masa ba alhali lissafinka ya daidaita, ka koma ka duba, domin abin da babba ya hango yana zaune, shekarun ganin irinsa ne suka nuna masa. In kuma za ka tafi, ka ba da sanarwa yadda aka rubuta, ka miƙa fayil da bayanin inda ka tsaya, kada ka ɓace ana tsakiyar Maris.

Ranku ya daɗe, wasu za su ce me ya sa zan wahala in koyar da wanda gobe zai tafi banki ko Ingila ko Kanada. Za su tafi, wasunsu, ko an koyar ko ba a koyar ba. Tun daga ofishin da marigayi Akintola Williams ya buɗe a Legas a 1952, haka sana'ar ta yaɗu a ƙasar nan: a horar da mutum, ya fita, ya zama akantan wani kamfani ko ya buɗe nasa. Wanda ya fita da daɗin rai shi ne gobe zai zama daraktan kuɗin da zai kira ku aiki. Kuma shekara uku da zai yi a wurinku kafin ya tafi, fayilolinku ne a hannunsa.

Muna roƙon rassan ICAN da ANAN na Abuja su sa duba aikin ƙananan ma'aikata da koyar da su cikin darussan ƙarin ilimi da ake wajabta wa mambobi, da fayil na gwaji a gaban kowa, a kwamfuta. A ofisoshi kuma, tun kafin Janairu ta shigo, a ware awa ɗaya a mako a rubuta ta a jadawalin aiki kamar kowane aiki: mako ɗaya babba ya ɗauko tsohon fayil, a cire sunan kamfanin, ya nuna yadda aka gano matsalar da ke ciki, mako na gaba ƙarami ya nuna yadda ake bin jimilla a Excel ko shigar da bayanan haraji, kowa da kwamfutarsa a buɗe, har da mai ofis.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa a gama lafiya.

Naku,
Wasu akantoci da oditoci masu duba aikin ƙananan ma'aikata, Abuja.